Karatun Alhamis a Gindin Bedi: Abin da Muka Yi, Rana-Rana

Lahadi, 26 Janairu 2025

Yau ce Lahadin Maganar Allah, wadda Fafaroma Faransis ya keɓe tun 2019. Karatu na fari daga Nehemiya sura 8 aka ɗauko shi. Ezra ya hau dakalin katako a dandalin Ƙofar Ruwa, yana karanta Attaura tun da sassafe har rana ta take, Lawiyawa suna bi suna warware wa jama'a ma'ana, mutane suna ta kuka. Ni ba kukan ne ya tsaya mini a rai ba, warwarewar ce. Ashe ko a wancan zamani sai da aka sami masu mayar da karatu cikin maganar da mutum zai ji a jikinsa.

Da aka tashi daga Mas na tari Fada a ƙofar coci, na gaya masa abin da na daɗe ina saƙawa: mu riƙa haɗuwa duk Alhamis da ƙarfe huɗu da rabi a gidana, gindin bedin nan na tsakar gida, muna karanta littattafan ibada da Hausa. Ya ce Allah ya taimaka, amma in yi a hankali. Na ce to, alhali a aljihuna akwai takardar da na ja wa layi da rula, na jera littattafai shida da za mu gama kafin Kirsimeti. Shekara ashirin da huɗu ina koyarwa a firamare, ban san wata hanyar fara abu ba sai da jadawali.

Dalilina mai sauƙi ne. Tun 16 ga Oktoba 2023 aka yanke mana dayosis ɗinmu na Katsina, wato yankin da bishop guda ke kula da shi, daga na Sakkwato, ranar 12 ga Disamba na shekarar aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, mai wa'azi da Hausar da muka tsotsa. Amma ka shiga gidajenmu ka ga abin karatu: Littafi Mai Tsarki, littafin waƙoƙi, ɗan littafin addu'a da bangonsa ya cire. Shi ke nan. Sauran dukiyar Ikilisiya tana kulle cikin Turanci.

Alhamis, 30 Janairu

Mutum goma sha tara. Hunturu ya hana zaman tabarma, sai da na aro benci biyu. Na buɗe da Koyi da Almasihu, na Toma ɗan Kemfis wanda ya rasu a 1471, ina karantawa da Turanci ina juyawa nan take. Babi huɗu na yi a zama ɗaya. Da na ɗaga kai, biyu suna gyangyaɗi, matasa uku suna latsa waya, wata tsohuwa da muke kira Kaka tana kallona kamar mai kallon injin niƙa. Na tambaya ko akwai mai magana. Shiru.

Alhamis, 6 Fabrairu

Goma sha ɗaya. Da aka watse Kaka ta tsaya ɗaure kallabinta, ta ce, "Malam, ɗan nan, kana zuba mana hatsi a kai kamar ana awo. Bakin tulu ƙarami ne." Ba ta taɓa shiga aji ba. Daga wajen Kafur ɗanta ya ɗauko ta bayan rasuwar mijinta.

Na kwana da maganar. Washegari na je wurin Baba Katikis, mai koyar da addini a coci, wanda ya yi karatunsa a makarantar katikis ta Malumfashi, na kai ƙarar kaina. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce in ajiye littattafan nan tukuna, in ɗauki Bisharar Lahadi mai zuwa kaɗai, a karanta ta sau uku, a yi shiru a tsakani. Ya ce tsohuwar hanya ce, da Latin ana ce mata leksiyo dibina.

Laraba, 12 Fabrairu

Na zauna na bi diddigin abin. Wani sufi mai suna Gigo, shugaban gidan sufaye na Kartusiya a Faransa a ƙarni na 12, shi ya tsara ta hawa huɗu kamar tsani: karatu, bimbini, addu'a, sai na huɗu wanda har yanzu ban samo masa sunan da ya gamshe ni ba. Misalin da ya bayar na abinci ne. Karatu ya sa loma a baki, bimbini ya tauna, addu'a ta jiyo ɗanɗano, na huɗun kuma shi ne daɗin kansa da ke ratsa mutum.

Da na faɗa wa Baba Katikis haka sai ya ce, "To ai tuƙa ke nan." Wallahi na ji kunya ban riga shi ba. Duk wanda ya yi kiwo ya san saniya ba ta ƙoshi a wurin ciyawa, sai ta kwanta a inuwa ta dawo da abin da ta haɗiya tana tauna shi a natse. Daga yau a zamanmu hawa na biyu sunansa tuƙa. Na huɗun mun gwada "zurfin tunani", na ƙi, don ba tunani ba ne, tunanin ma tsayawa yake yi. Mun gwada "natsuwa". Wata 'yar Zumuntar Mata ta ce a kira shi "zama da Ubangiji", kamar yadda mace kan zauna da kakarta ba wanda ke cewa uffan amma ba a gaji ba. Da wannan muke aiki kafin a sami wanda ya fi.

Alhamis, 20 Fabrairu

Ranar da ba zan manta ba, kuma laifin nawa ne.

Bisharar Lahadi mai zuwa ita ce Luka 6:27-38, inda Yesu ya ce mu ƙaunaci maƙiyanmu, mu yi wa masu cutar mu addu'a. An karanta sau uku. Aka yi shiru. Kowa ya faɗi kalmar da ta tsaya masa. A cikinmu akwai wata baiwar Allah da ta baro ƙauyensu bara da 'ya'ya huɗu, bayan 'yan bindiga sun tafi da wanta, aka sayar da shanu aka kai kuɗi, amma bai dawo ba. Da layi ya zo kanta ba ta ce komai ba. Maimakon in bar ta, sai malantata ta motsa. Na kawo labarin Waliyyiya Bakita, wadda aka yi bikinta ranar 8 ga wata: an sace ta tana yarinya a Darfur, aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu, ta ƙare 'yar'uwar zuhudu a Italiya, ta rasu a 1947, kuma ta yafe wa waɗanda suka sace ta ƙwarai da gaske. Na faɗa da murya mai daɗi, ina jin na kawo magani.

Ta dube ni ta ce, "Malam, ita shekara nawa ta ɗauka?" Ta goya ƙaramin, ta fita.

Ban da amsa. Bakita ta kai tsufa kafin a riƙa jin waɗannan maganganu daga bakinta. Ni kuwa na ɗauki ƙarshen tafiyar wata na aza wa wadda ko takalmi ba ta ɗaura ba. Labarin waliyyai kaifi gare shi, ba kowane lokaci ake miƙa shi ba.

Alhamis, 27 Fabrairu

Ba ta zo ba. Matata ta je ta gaishe ta, ta kai mata ɗan gero. Mun kafa doka biyu: wanda bai so magana ba a ce masa komai, kuma ba mai gyara wa wani abin da ya ji a cikin aya. Dokar ta biyu saboda ni aka yi ta, kowa ya sani.

Alhamis, 6 Maris

Jiya Larabar Toka, ranar da muke fara azumin kwana arba'in. Bana azuminmu ya haɗu da na maƙwabtanmu Musulmi, su sun ɗauka tun ranar Asabar, 1 ga wata. Garin ya yi wani irin sanyin murya da rana, sai yamma kasuwar ƙosai ta tashi. Mun dawo da zaman ƙarfe huɗu daidai don masu hawa keke napep su isa gida kafin hanya ta cushe gab da shan ruwa.

A ƙa'idar da Waliyyi Benedik ya rubuta wa sufayensa a ƙarni na 6, babi na 48, ya ce a farkon azumi a ba kowa littafi guda ya karance shi daga fari har ƙarshe, a kuma sa dattijo ɗaya ko biyu su riƙa zagayawa kada wani ya bar karatu ya kama hira. Littafi guda, kwana arba'in. Ni da na tsara shida. Na mayar da Koyi da Almasihu cikin zaman, amma sakin layi ɗaya tak a ƙarshe, wanda na zauna na fassara a rubuce tun daren Talata. Littafin kashi huɗu ne, muna cikin na fari, kuma da wannan tafiyar ba za mu fita daga cikinsa ba kafin damina. Ban damu ba. Ko da yake zan faɗi gaskiya, wasu wuraren sufi ne ke magana da sufaye 'yan'uwansa, yana cewa a guji taron mutane, a zauna a ɗaki. Mai sayar da kayan miya da ke cikinmu ta tambaya wa zai ciyar da yaranta in ta zauna a ɗaki. Irin waɗannan wuraren nakan tsallake, kuma nakan faɗa musu na tsallake.

Alhamis, 13 Maris

Amsar mai kayan miya tana wurin Waliyyi Faransis na Sal, bishop ɗin Janeba, wanda ya fitar da littafinsa na shiga rayuwar ibada a 1609 musamman don mutanen da ke cikin gari, masu aure da sana'a. A ganinsa ibadar mai sana'a daban take da ta basarake, ta gwauruwa daban da ta amarya, kuma ibadar da ke ɓata wa mutum aikinsa na halal akwai gyara a cikinta. Ya kuma ba da shawara cewa in an gama bimbini a tsinko abu ɗaya ko biyu a riƙe, kamar wanda ya fito daga lambu da 'yan furanni yana sansana duk yini. Mu ba mu saba da yawo da fure ba. Wani tela a cikinmu ya ce goro dai, a gutsura a mayar aljihu. Yanzu kafin a tashi kowa yana faɗin goronsa na mako.

Na lura da wani abu. Masu ilimin boko a cikinmu, ni a gaba, in an tambaye mu goron makon jiya sai mun buɗe littafi. Kaka ba ta da abin buɗewa. Tana kawo nata daidai, ta haɗa da na makon shekaranjiya, wani lokaci har da na wasu.

Alhamis, 27 Maris

Ɗan da ya ɓace, Luka 15. An ɗauke wuta tun safe, zafi ya fara, bedin ma ba ya motsi. Duk da haka zama ne mai albarka. Yawancinmu mun tsaya a kan ƙaramin ɗan ko a kan wansa mai fushi. Kaka ta ce ita abin da ta ji shi ne uban ya hango shi tun yana nesa. "Wanda bai fita ƙofa kullum ba, ba shi hango kowa," in ji ta. Aka yi tsit, tsit ɗin da ba ni na ce a yi ba.

Baiwar Allah nan ta dawo yau, ta zauna can ƙarshen tabarma. Ba wanda ya yi mata barka da zuwa fiye da kima. Da za a rufe ta ce a karanta mata Zabura ta 13, wadda ke tambayar Allah har yaushe zai manta da mai kiransa. Aka karanta. Ta ce a sake. Ita ce goronta, kuma ban ce komai a kai ba.

Lahadi, 30 Maris

Sallah. Maƙwabcina ya aiko da tuwon shinkafa da miyar taushe, yaran sun tafi kallon hawa wajen Ƙofar Soro. Da yamma muka zauna da shi a dakali, na ba shi labarin zamanmu. Ya ce su tun suna yara aka nuna musu karatu da murya ake yi, abin da baki bai furta ba zuciya ba ta riƙe shi da kyau. Na gaya masa Waliyyi Agustin ya rubuta yadda yakan tarar da Bishop Ambros a Milan yana karatu idonsa na bin shafi, harshensa shiru, har ya ga abin ya isa a ba da labari. Wato a da, karatun zuci shi ne baƙon abu. Ya ce to ka gani.

Tun daga nan na hana rabon takarda a zagayen farko. Kunne tukuna.

Alhamis, 10 Afrilu

Matasa sun ragu zuwa biyu. Ɗaya ta faɗa mini kai tsaye cewa labaran soyayya da take karantawa a waya sun fi jan hankali. Ban yi mata faɗa ba, na ba ta labarin Ignatiyus na Loyola. Soja ne, harsashin igwa ya karya masa ƙafa a Famfalona a 1521. Yana jinya ya nemi littattafan jarumai da soyayya, ba a samu a gidan ba sai tarihin Almasihu da na waliyyai. Ya karanta don kashe lokaci. Abin da ya gano shi ne duka biyun suna masa daɗi yayin da yake tunaninsu, amma tunanin duniya in ya wuce sai ya bar shi a bushe, ɗayan kuwa daɗinsa na zama. Na ce kada ta daina komai, ta dai riƙa duba yadda zuciyarta take bayan ta ajiye kowanne. Ta ce za ta gwada. Ban sani ba ko don ta rabu da ni ne.

Mako mai zuwa Alhamis Mai Tsarki, babu zama.

Alhamis, 24 Afrilu

Fafaroma Faransis ya rasu ranar Litinin, washegarin Ista. Mun yi masa addu'a, muka karanta labarin hanyar Imuwasu a Luka 24, inda almajirai biyu suka ce zuciyarsu ta yi ta kuna sa'ad da yake buɗe musu Littattafai a hanya. Mutum tara. Gajeren zama.

Alhamis, 8 Mayu

Muna tsakiyar shiru na biyu, wajen biyar da 'yan mintuna, wayar tela ta yi ƙara, ya leƙa, ya kasa haƙuri: farin hayaƙi ya tashi a Roma, alamar an zaɓi sabon Fafaroma. Zaman ya watse ya koma taron kallon waya guda. Ba wanda ya tafi gida har sabon Fafaroma, Liyo na 14, ya fito ya ce shi ɗan Waliyyi Agustin ne. Nan take aka yanke mini hukunci: a bar Toma ya huta, a kawo Agustin. Ba ni na zaɓa ba, amma na ji daɗi.

Alhamis, 22 Mayu

Mako biyu ke nan muna cikin Ikirarin Agustin, littafin da ya rubuta wajen shekara ta 400, kashi goma sha uku, dukansa magana ce yake yi da Allah kai tsaye. Abu na fari da ya ba mutane mamaki shi ne ɗan Afirka ne. An haife shi a 354 a Tagaste, inda ake kira Suk Ahras a Aljeriya yanzu, ya zama bishop a Hifo, wato Annaba ta yau. Ƙasarsu tana iyaka da Nijar, Nijar kuwa ga ta nan bayan Jibiya. Wani ya ce ashe ɗan'uwan Buzaye ne. Na ce kada mu wuce gona da iri, amma dai ba Bature ba ne.

Ba na bin littafin a jere, labaran nake tsinkowa. Na satar 'ya'yan itace yana ɗan shekara goma sha shida ya zo daidai da lokacin mangwaro, kowa ya yi dariya, don babu namiji a wurin da bai taɓa haura katangar lambu ba. Dariyar ta tsaya da aka ji cewa ba yunwa ta sa shi ba, a gidansu akwai waɗanda suka fi kyau, aladu suka watsa wa yawanci. Haramcin kansa ne ya yi masa daɗi, kuma ya ce da shi kaɗai ne da bai yi ba. Tela ya yi shiru, can ya ce shi ma yawancin abin da yake kai wa gaban Fada, da abokai aka yi.

Matan Zumunta kuwa Monika, mahaifiyar Agustin, suka kama. Shekara da shekaru tana bin ɗanta da kuka da addu'a, ta matsa wa wani bishop ya yi masa magana, har ya gaji ya ce ta tafi, ɗan da aka zubar wa irin wannan hawaye ba zai hallaka ba. Ta ga baftismarsa a 387, ta rasu a shekarar. Wata mai ɗa da ƙwaya ta lalata ta tambaye ni shekarun Agustin sa'ad da ya tuba. Na ce talatin da biyu ba 'yan watanni. Ta ƙirga da yatsu, ta ce nata saura shekara takwas. Wannan karon na kame bakina.

Jimlar farkon littafin ta ci mini dare uku. Abin da na tsaya a kai: "Ka yi mu domin kanka, zuciyarmu kuwa ba ta da sukuni sai ta huta a wurinka." Baba Katikis yana son "kwanciyar hankali" maimakon "sukuni". Ba mu daidaita ba.

Alhamis, 12 Yuni

Ruwa ya sauka, rabin mutanena sun koma ƙauye shuka, har da Kaka, wadda ta ce ba za ta zauna a birni gero na tsirowa ba ita ba. Mu shida ne yau, a zaure, don bedin na ɗiga. Mun karanta labarin lambun Milan, inda Agustin ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana rera a ɗauka a karanta, ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa 13:13-14, ya karanta aya biyun nan bai ƙara ba.

Yarinyar nan mai labaran waya ita ta kawo dabarar da za ta riƙe mu har kaka. Duk Laraba da dare za ta ɗauki muryata ina karanta Bisharar Lahadi sau biyu a hankali, da shiru na minti ɗaya a tsakani, sai sakin layi ɗaya na Agustin, ta tura ta WhatsApp. Mun gwada jiya. Sai da muka sake sau uku, na fari zakara ya shiga, na biyu na kama wa'azi ba tare da na sani ba, ta tsayar da ni. Jikan Kaka yana da waya, amma sai ya hau tudun bayan gari yake samun sabis, don haka ba mu san ko saƙon ya isa ba tukuna.

Abin da ke hannu zuwa yau: sakin layi goma sha ɗaya na Koyi da Almasihu da bakwai na Agustin, duk a rubuce cikin littafin aji mai layi, suna jiran Fada ya duba kafin a buga a raba. Littafin Waliyyiya Teresa ta Lisiyo na nan cikin kwali ban buɗe ba, ko da yake na so a ce mun kai gare ta kafin bikinta na 1 ga Oktoba. Hawa na huɗu har yanzu sunan aro yake amsawa. Takardar jadawalin nan kuma matata ta naɗe daddawa da ita tun watan Maris, sai yau take gaya mini.